Muhawara: Shin za mu kai hatsin taimako gidan wanda ya taɓa ɗaukar makami a kanmu?

Dattijo Ayuba:
Salama a gare ku duka cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Na kawo wata magana da ta gagari majalisar dattawan ikkilisiyarmu, ina kuma roƙon kowa ya yi magana da tsoron Allah, domin akwai waɗanda abin ya shafa kai tsaye da suke karanta abin da ake rubutawa a nan. Ikkilisiyarmu tana wani gari a arewacin Adamawa, cikin garuruwan da suka watse a 2014, shekarar da Madagali da Michika da Mubi suka faɗa hannun Boko Haram. Tun da muka dawo, kowace kaka zumuntar mata takan tara masara da dawa da wake a raba wa gidajen da ba su da mai noma musu, ba mu kuma taɓa tambayar addinin mai karɓa ba. A bana an kawo sunan wata tsohuwa marar lafiya wadda ɗanta ya bi mutanen daji a wancan lokaci, daga baya ya miƙa wuya, ya bi ta sansanin gyaran hali na gwamnati da ke Malam Sidi a jihar Gombe, yanzu kuma ya dawo yana zaune da ita. Gonarsu ba ta yi komai ba. Amma wata gwauruwa a cikinmu ta ce da idonta ta gan shi cikin waɗanda suka shigo unguwarsu ranar da aka kashe mijinta, ta kuma ce idan aka auna masa daga hatsin da ta yi gumi ta kawo, ba za ta ƙara taka ƙofar majami'a ba. Mun zauna, mun yi addu'a, mun tashi ba mu tsayar da komai ba. Tambayata biyu ce. Mene ne jinƙai ga maƙiyi a irin wannan hali? Ta yaya kuma mutum zai gane cewa abin da ya ji a ransa bayan addu'a bishewar Allah ce, ba tsoronsa ko fushinsa ba?

Malama Rifkatu:
Baba, Allah ya ƙara muku hikima. A ganina tambaya ta farko Nassi ya riga ya amsa ta, ya kuma amsa ta da maganar abinci ƙarara. Karin Magana 25:21 ta ce idan maƙiyinka yana jin yunwa ka ba shi abinci, idan yana jin ƙishi ka ba shi ruwa, Manzo Bulus kuma ya sake ɗauko wannan umarni a Romawa 12:20 ya ɗora shi a kan ikkilisiya. Bai gindaya sharaɗin cewa sai maƙiyin ya fara tuba ba, bai kuma ce sai zuciyar mai bayarwa ta huce ba. Abin da aka duba shi ne yunwa. Saboda haka ba na ganin akwai buƙatar mu roƙi Allah ya nuna mana ko za mu ba su ko ba za mu ba su ba, tun da ya riga ya faɗa. Addu'ar da ta rage ita ce ta yadda za a bayar ba tare da an karya zuciyar gwauruwar nan ba.

Iliya:
Malama, ina girmama ki, amma maganar ba ta zo da sauƙi haka ba ga waɗanda suka binne nasu. Ni daga wannan yanki nake. Muna nan lokacin da aka kwashe 'yan mata 276 daga makarantar Chibok a watan Afrilu na 2014, yawancinsu 'ya'yan ikkilisiyar EYN ne, wato Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, har yau kuma akwai waɗanda ba su dawo ba. Muna nan aka ƙwace hedkwatar EYN da ke Kwarhi a watan Oktoba na shekarar. Muna nan aka kama Rabaran Lawan Andimi a Michika a farkon Janairun 2020, ya yi magana a bidiyo cikin natsuwa yana dogara ga Allah, aka kuma kashe shi a cikin watan. Bayan wannan duka, wanda ya ɗauki bindiga ana koya masa sana'a a sallame shi ya koma gida, gwauruwa kuwa ta dawo ta tarar da toka, ba wanda ya tambaye ta yadda za ta ciyar da marayu. Yanzu kuma ikkilisiya za ta ɗebi hatsinta ta kai masa? Romawa 12 da aka ambata, sura ta 13 ce take biye da ita, inda aka ce mai mulki ba a banza yake riƙe da takobi ba. Ina hukuncin yake? Ni ban ce a taɓa shi ba, Allah ya kiyaye. Na ce dai kada mu mayar da gafara ta zama hanyar rufe bakin waɗanda aka zalunta.

Malama Rifkatu:
Ɗan'uwa Iliya, ban musa ko ɗaya daga cikin abin da ka lissafta ba, kuma jimlarka ta ƙarshe gaskiya ce da ya kamata kowane mai wa'azi ya ji. Sai dai ka lura cewa takobin da ke Romawa 13 a hannun hukuma aka sa shi, abincin da ke Romawa 12 kuwa a hannunmu aka sa shi. Idan hukuma ta gaza a nata aikin, muna da ikon mu faɗa mata da babbar murya, mu nemi a yi shari'a, mu nemi a biya diyya, amma gazawarta ba ta sauke mana namu nauyin ba. Ga kuma tsohuwar, wadda ba wanda ya ce ta ɗauki makami.

Iliya:
Tukunya ɗaya suke ci, Malama. Duk abin da aka kai mata, shi ma zai ci.

Rabaran Ishaku:
'Ya'yana, ku bar ni in tsaya a kan tambaya ta biyu ta Dattijo, domin na ga an wuce ta da sauri, ita ce kuwa tushen maganar. Yawancinmu idan muka ce muna neman nufin Allah, abin da muke nema shi ne alama da za ta goyi bayan abin da zuciyarmu ta riga ta zaɓa. Ku tuna da Dawuda a kogon En-gedi, a 1 Sama'ila 24. Sarki Saul, wanda yake farautar ransa, ya shigo kogon shi kaɗai, mutanen Dawuda kuma suka ce masa ga ranar da Ubangiji ya yi maka alkawari, ya ba da maƙiyinka a hannunka. Da sunan Ubangiji suka yi magana, zarafin ma ya yi kama da amsar addu'a, amma Dawuda bai ɗauki buɗewar hanya a matsayin izini ba, har ma zuciyarsa ta dame shi saboda ya yanki shafin rigar sarki kawai. Ya auna zarafin da abin da ya riga ya sani game da Allah. Haka ma Yakubu da Yahaya a Luka 9, da wani ƙauyen Samariyawa ya ƙi karɓar Yesu, suka nemi a kira wuta daga sama, suna ganin kishin Allah ne yake motsa su, sai Ubangiji ya juya ya tsawata musu.

Don haka ma'auni na farko shi ne, bishewar Allah ba ta saɓa wa Maganarsa. Wasiƙar Yakubu ta ce wanda ya rasa hikima ya roƙi Allah, a sura ta 3 kuma ta bayyana kamannin hikimar da take zuwa daga sama, cewa tsattsarka ce, mai salama, mai sauƙin kai, cike da jinƙai, marar nuna bambanci, marar munafunci. Idan muka tashi daga addu'a da shawarar da ba jinƙai a cikinta, sai mu koma mu sake durƙusawa. Amma ku lura da kalmar ƙarshe, marar munafunci. Idan muka tashi da shawarar da za ta sa mu yi kamar ba a kashe kowa ba, ita ma ba daga sama ta zo ba.

Wanda na fi so majalisarku ta yi nazari a kansa shi ne Hananiya na Dimashƙu, a Ayyukan Manzanni 9. Ubangiji ya aike shi wurin Shawulu, wanda daga baya aka sani da Manzo Bulus, mutumin da ya zo garin da takardun izinin kama masu bi. Hananiya bai ɓoye tsoronsa ba, ya faɗa wa Ubangiji cewa ya ji irin muguntar da mutumin nan ya yi wa tsarkaka a Urushalima. Ubangiji bai hore shi saboda ya faɗi haka ba, ya dai ce masa ya tafi, ya kuwa tafi, ya ɗora masa hannu ya kira shi ɗan'uwa. Addu'ar neman bishewa ke nan ta gaskiya: mutum ya zube tsoronsa da ƙararsa gaban Allah ba tare da ya yi musu ado ba, sa'an nan ya saurara. Gwauruwar nan tana da wuri a cikin irin wannan addu'a. Zabura cike take da kukan waɗanda aka zalunta suna tambayar Allah har yaushe, ba a kuma cire waɗannan surori daga Littafi ba.

Iliya:
Baba Rabaran, na gode, na kuma karɓi maganar Dawuda. Amma Shawulu Ubangiji da kansa ne ya shaida tubarsa ga Hananiya cikin wahayi. Wannan kuwa takarda ce kawai ya zo da ita daga sansani. Wa ya shaida mana zuciyarsa? An sha faɗa mana labarin Elisha a 2 Sarakuna 6, yadda ya hana sarkin Isra'ila kashe sojojin Suriya, ya sa aka yi musu babban biki aka sallame su, maharan kuma suka daina shigowa ƙasar. Amma masu wa'azi sukan tsaya a aya ta 23. Aya ta 24 ta ce bayan haka Ben-hadad ya tara rundunarsa duka ya kewaye Samariya, har yunwa ta kai mutane ga abin da ba ya faɗuwa. Wato alheri ga maƙiyi ba ya tabbatar da cewa ba zai dawo ba.

Rabaran Ishaku:
Ka karanta da kyau, ɗana, kuma haka yake. Ba a taɓa yi mana alkawari cewa jinƙai dabara ce ta tsaro ba. Istifanas ya roƙa wa masu jifansa gafara, duk da haka ya mutu a hannunsu. Ubangijinmu ya roƙa wa masu gicciye shi gafara tun suna kan raba tufafinsa. A Matiyu 5 dalilin da ya bayar na ƙaunar magabta shi ne domin mu zama 'ya'yan Ubanmu na sama, wanda yake sa ranarsa ta fito wa mugaye da nagargaru, yake kuma sauko da ruwa ga masu adalci da marasa adalci. Ruwan da ya sauka a gonar gwauruwar nan, shi ne ya sauka a gonar yaron nan. Muna yin jinƙai ne saboda halin wanda muke bi, ko ya yi amfani a idonmu ko bai yi ba.

Amma a kan zuciyar yaron, kana da gaskiya, ba mu san ta ba, ba kuma a umarce mu mu yi kamar mun sani ba. Ko Shawulu ma da ya isa Urushalima, almajirai sun ji tsoronsa, ba su gaskata shi ba sai da Barnaba ya tsaya masa ya ba da shaida. Nassi bai zarge su a kan wannan taka-tsantsan ba. Nehemiya da ya ji ana shirin kawo musu hari, ya ce mun yi addu'a ga Allahnmu, muka kuma sa masu tsaro dare da rana. Ciyar da mutum daban, miƙa masa amana daban.

Mama Saratu:
Ina gaishe da iyayenmu da 'yan'uwa. Na daɗe ina aiki a zumuntar mata, na kuma zauna da gwauraye da yawa daga Gwoza da Askira da Michika, saboda haka ina so in yi magana a madadin wadda ba ta nan. Abin da ya fi ci wa irin waɗannan mata rai ba hatsi ba ne. Abin da yake ci musu rai shi ne a yanke shawara a kan ciwonsu a zaman da ba a kira su ba, sa'an nan ranar Lahadi a hau bagade a yi wa'azin gafara kowa yana satar kallonsu. Mutanenmu sukan ce wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Matar da ta ga fuskar mutum a ranar da ta fi kowace rana muni a rayuwarta, yanzu kuma tana haɗuwa da shi a hanyar rijiya, ba taurin zuciya ke damunta ba, rauni ne da bai warke ba, tana kuma buƙatar masu zama da ita fiye da masu karanta mata aya.

Game da hatsin kuwa, ni labarin Yusufu nake dubawa. 'Yan'uwansa da suka sayar da shi sun zo Masar neman abinci saboda yunwa, ya gane su, su ba su gane shi ba. Tun a zuwan farko ya sa aka cika musu buhuna, aka mayar musu da kuɗinsu a ciki, aka kuma ba su guzuri. Bai bar gidan mahaifinsa da yunwa ba saboda laifinsu. Amma bai bayyana kansa ba, bai rungume su ba, sai da ya gwada su, ya ji da kunnensa suna cewa alhakin ɗan'uwansu ne yake bin su, sai kuma da Yahuza ya miƙa kansa ya zama bawa a maimakon Biliyaminu. Daga Farawa 42 zuwa 45 ke nan, cikin wannan tsakani kuma sau biyu yana juyawa ya yi kuka a ɓoye. Hatsi ya riga sulhu tafiya, sulhun kuwa ya jira gaskiya. Ina ganin wannan shi ne tsarin da ya dace da ku, Baba Ayuba. A kai wa tsohuwar abinci yanzu. Amma kada kowa ya ce wa gwauruwar nan ta je ta gaishe shi, ko ta ce ta yafe a gaban jama'a, don a ji daɗin ba da shaida.

Yakubu daga Damagaram:
Ina biye da ku daga Nijar, ina kuma so in ƙara abu kaɗan. A ranakun 16 da 17 ga Janairun 2015 an ƙone majami'u da dama a Damagaram da Yamai, a zanga-zangar da ta biyo bayan zanen ɓatanci da wata jarida ta buga a Faransa, mutane kuma suka rasa rayukansu. Mu 'yan kaɗan ne a ƙasar, waɗanda suka yi ɓarnar kuwa ba baƙi ba ne, a cikinsu akwai yaran unguwa da aka sani. Shugabannin ikkilisiya sun fito da wuri sun yi shelar gafara, hakan kuma ya hana abin ya zama gaba mai tsawo. Amma abin da aka furta a mako ɗaya ya ɗauki zukata shekaru kafin su cim masa. Na kuma tuna cewa a waɗannan ranaku akwai maƙwabta Musulmi da suka ɓoye Kirista a gidajensu. Ina faɗin haka ne domin idan muna maganar maƙiyi mu riƙa nufin wanda ya aikata, kada kalmar ta faɗaɗa ta haɗiye dukan maƙwabtanmu.

Malama Rifkatu:
Wannan gargaɗi ne mai muhimmanci, ɗan'uwa Yakubu. A jihar Filato ma, a watan Yunin 2018, Liman Abubakar Abdullahi na ƙauyen Nghar a Barikin Ladi ya ɓoye Kirista sama da 200 a masallacinsa da gidansa, ya tsaya a ƙofa ya hana maharan shiga. Mama Saratu kuma ta gyara mini abin da na faɗa da gaggawa, domin na duba umarnin ban duba mai raunin ba. Misalin da ya nuna tsawon wannan tafiya shi ne na Fasto James Wuye da Imam Muhammad Ashafa a Kaduna. A rikicin 1992 da ya taso daga Zangon Kataf suna ɓangarori biyu masu gaba, Wuye ya rasa hannunsa na dama, Ashafa ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa biyu. An haɗa su a 1995 suka soma aiki tare, amma Wuye da bakinsa ya sha faɗa cewa ya yi shekaru yana tafiya da Ashafa alhali tunanin ramuwa bai bar shi ba. Daga cikin abin da ya sassauta zuciyarsa har da zuwan da Ashafa ya yi duba mahaifiyarsa tana kwance a asibiti. Aikin alheri ga tsohuwa marar lafiya ne ya shiga inda muhawara ba ta shiga ba, waɗannan mutum biyu kuma su ne daga baya suka shiga tsakani a rikicin Yelwa da Shendam.

Iliya:
Na ji duka, ba zan kuma tsaya a kan a hana tsohuwar abinci ba. Amma ina da sharaɗi biyu da nake roƙon majalisa ta duba. Na farko, kada a taɓa hatsin da gwauruwar ta kawo, a ware shi a kai wa marayu, abin da za a kai wancan gida kuwa ya fito daga hannun waɗanda suka yarda da ransu, domin Allah yana son mai bayarwa da daɗin rai. Na biyu, shaidar da ta bayar cewa ta gan shi kada ta mutu a cikin majami'a. A rubuta ta, a kai wa mai unguwa da hukumar da abin ya shafa, idan ita ta amince. Zakka da ya tuba bai tsaya a baki ba, ya ce zai mayar ninki huɗu ga duk wanda ya zalunta. Idan yaron nan ya tuba da gaske, ba zai ji tsoron a tambaye shi inda yake a ranar ba. Ni kaina har yanzu ban iya yi wa irinsu addu'a da sakin zuciya ba, ina dai yi ne domin an umarce ni.

Rabaran Ishaku:
Ka ci gaba da yin ta haka, ɗana, addu'ar biyayya ce, Allah kuma yana karɓarta. Sharuɗanka biyu ban ga inda suka saɓa wa Nassi ba. Abin da zan ƙara wa Dattijo shi ne, kada a aiki yara da buhun. Dattawa biyu su kai da kansu da rana tsaka, su gaishe da tsohuwar, su faɗa a fili cewa daga ikkilisiya ne, kada kuma su haɗa kyautar da wa'azi ko da wani sharaɗi na addini, domin yunwar mutum ba abin ciniki ba ce.

Dattijo Ayuba:
Na gode muku ƙwarai, Allah ya sāka. Zan kai wa majalisa waɗannan shawarwari yadda kuka faɗe su, har da na Iliya. Sai dai ina jin tsoron ko da an ware hatsinta, jin cewa ikkilisiya ta taka ƙofar gidan zai iya sa ta janye. Mama Saratu, ke da kika san zukatan mata, wa ya kamata ya fara zuwa wurinta, kuma da wace magana?

Mama Saratu:
Baba, kada maza su fara zuwa, kada kuma a je da shawarar da aka riga aka yanke. Mata biyu da ta yarda da su, zai fi kyau a ce ɗaya ita ma gwauruwa ce, su je su wuni da ita, su bar ta ta faɗi abin da ta gani tun daga farko har ƙarshe ba tare da an katse ta ba, domin mai yiwuwa ba wanda ya taɓa sauraronta har ta gama. Bayan haka ne za a gaya mata abin da majalisa take tunani, a tambaye ta abin da za ta iya ɗauka da abin da ba za ta iya ba. Idan ta daina zuwa sujada na wani lokaci, kada a sa ta a horo, a riƙa kai mata zumunci gida.

Akwai kuma wani abu da ba a ambata ba. A kusan kowace ikkilisiya ta yankinku akwai gidajen da har yau ba su san ko nasu suna raye ko sun mutu ba, ba su yi makoki ba, ba su kuma daina jira ba. Yaron nan ya zauna a daji, ya ga mutane, ya san wurare. Ku tattara sunayen waɗanda suka ɓace daga garinku, na Kirista da na Musulmi, da shekarunsu da ranar da aka rabu da su. Bayan an kai abincin da wasu makonni, dattawa su koma tare da mai unguwa, su zauna da shi, su karanta masa sunayen ɗaya bayan ɗaya, su tambaye shi wanda ya gani da inda ya gan shi.